Layin da ya fito a rami na takwas

Ranar wata Alhamis ce cikin hunturu, bayan la'asar, na shiga ɗan ɗakin nan mai duhu na lab da muke duba jel a ciki, wato daskararren abin da ake raba DNA a cikinsa gwargwadon tsawo, gabana sai faɗuwa yake saboda sati uku kenan ina jiran wannan lokacin. Na ɗora jel ɗin a kan gilashi, na ja murfin kariya, na kunna fitilar UV. Layuka suka fito tar, kalar ruwan lemo, daga rami na biyu har na bakwai duk a jere wajen tsawon harafin DNA 1,500 a jikin ma'auni, daidai inda nake fatan su fito. Har na buɗe baki zan ce alhamdulillahi sai idona ya sauka a rami na takwas. Shi ma da layi. Haskensa bai kai na sauran ba amma yana nan fa, kuma wannan ramin ruwa zalla na sa masa a madadin DNA, wayam ya kamata ya fito.

Bari in koma baya kaɗan saboda ƙannenmu 'yan aji huɗu da ke ta turo min saƙo kan furojet ɗinsu, da yawa sun haddace PCR, dabarar ninka DNA, sun ci jarrabawa a kai amma hannunsu bai taɓa riƙe fifet, ɗan abin auna ruwa kaɗan kaɗan, ba, kuma nima haka na shigo.

Aikina a kan ƙwayoyin bakteriyan da ke sa madara ta yi tsami ta koma nono ne. Nakan sayo nono wajen matan Fulani a kasuwar Muda Lawal a nan Bauchi, wani lokacin a ta Wunti, in shuka a faranti, in ware ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya har in samu tsantsa. To matsalar ita ce in ka leƙa madubin ƙara girma yawancinsu 'yan sanduna ne masu kama da juna, ba za ka iya cewa wannan wane ne ba. Shi ya sa ake komawa ga wani yanki na DNA ɗinsu da ake kira 16S, kowace bakteriya tana da shi, tsawonsa wajen harafi 1,500, wasu wurarensa iri ɗaya ne a wajen kowa wasu kuma sun bambanta daga jinsi zuwa jinsi. In ka ninka shi ka aika aka karanto maka haruffan sai ka kwatanta da na rumbun NCBI a intanet ka ga wa ya fi kama da shi.

Ranar da na fara zuwa lab na zo da zumuɗin taɓa injin, amma dattijon da ke kula da wajen, wanda dukanmu Baba muke ce masa, ya miƙo min fifet da kofin ruwa da sikeli ya ce in zauna. Kwana huɗu ruwa kawai nake aunawa. Ya ce maikurolita 100 na ruwa nauyinsa giram 0.100 ne, in ɗiba in zuba a sikeli sau goma in rubuta kowanne. Na farko 0.092, na biyu 0.108, na uku 0.097, ya leƙo ya ce "ɗiyata hannunki bai zauna ba tukuna, sake." A lokacin na ji haushi ba zan ɓoye ba, yanzu kuwa duk wanda aka haɗa ni da shi da ruwan nan nake fara masa.

Fifet yana da maɓalli a sama mai tsayawa biyu. Ka danna a hankali za ka ji ya ɗan cije, nan ne tsayawar farko kuma nan ake tsayawa kafin a tsoma baki a ɗebo. Tsayawa ta biyu ta fitar da ɗigon ƙarshe ce lokacin zubawa. Wanda ya danna har ƙasa kafin ya ɗiba ya ɗebi fiye da abin da ya saita kuma ba zai sani ba, wannan kuskuren kusan kowa da shi yake farawa. Sannan a riƙe shi a tsaye, a tsoma ɗan bakin robar kaɗan kawai, a saki maɓallin sannu sannu don kar iska ta shiga, kar a kwantar da shi da ruwa a ciki, kar a murɗa shi ya wuce iyakar da aka rubuta a jikinsa. Kuma kowane ɗiba da sabon baki, ko da kuwa bakunan sun kusa ƙarewa kana jin tsadarsu a ranka. Don ku gane ƙanƙantar abin, ɗigon ruwa ɗaya wajen maikurolita 50 ne, duk haɗin PCR ɗina kuwa 25 ne, rabin ɗigo kenan, a cikinsa akwai abin da 1 kawai ake sawa. In ka yi kuskuren rabin maikurolita a nan ka ɓata rabin awo.

Ciro DNA ɗin kansa bai ba ni wahala sosai ba. Ana fasa ƙwayar ne, a raba DNA da furotin da sauran tarkace, a wanke, a narkar a ruwa mai tsafta. Irin bakteriyan nono bangonsu kauri gare shi, sai an fara jiƙa su da wani sinadari, laisozaim, wanda akwai shi a farin ƙwai da hawayen mutum, ranar da na ji haka na daɗe ina mamakin ikon Allah. Wajen injin wulwulawa ne Baba ba ya wasa, in ka sa kwalba ɗaya dole ka sa wata mai nauyi daidai da ita a ɗaya ɓangaren tana fuskantarta, in ba haka ba injin zai kama rawa yana ƙara har ya lalace. Wanda ke son ya ga DNA da idonsa kuma zai iya a gida, a dame ayaba da ɗan gishiri da sabulun ruwa na wanke-wanke, a tace, a zuba sifirit mai sanyi sosai a hankali ta gefen kofi, za a ga wani farin zare-zare ya taso kaman yauƙin kuɓewa. Na yi wa ƙannena a tsakar gida, har Mama ta taso daga kicin ta zo kallo. Mutumin da ya fara ware abin nan, Friedrich Miescher, a 1869, daga mugunyar da ke jikin bandejin masu rauni ya ciro shi. Bayan an ciro akan auna tsaftarsa da haske, a raba abin da ya sha na haske mai lamba 260 da na mai lamba 280, in ya ba da wajen 1.8 to DNA ɗin lafiya lau, in ya yi ƙasa sosai akwai furotin ko wani datti a ciki. Ku riƙe wannan lambar, za ta dawo.

Shi PCR injin kwafi ne. A ɗan mitsitsin bututu kake haɗa DNA ɗinka, da firaima guda biyu masu nuna inda za a fara da inda za a tsaya, da tubalan ginin wato haruffa huɗun nan A, T, G, C, da bafa wato ruwan da ke daidaita haɗin, da maginin kansa wanda ake ce wa Taq, sai a cika da ruwa. Injin ya ɗaga zafi zuwa digiri 94 ko 95 igiyoyin DNA biyu su rabu, ya sauko wajen 55 firaima su manne, ya hau 72 Taq ya yi gini. Ɗaya ya zama biyu, biyu huɗu, huɗu takwas, kafin zagaye 30 a lissafi an haura biliyan ɗaya. Kary Mullis ne ya zo da dabarar a 1983, aka ba shi kyautar Nobel a 1993. Abin da ya fi burge ni shi ne Taq, don zafin 95 yana kashe yawancin irin waɗannan sinadarai, shi kuwa daga wata bakteriya aka samo shi, Thermus aquaticus, mai rayuwa a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka. Wanda ya taɓa wanka a Wikki a Yankari ya san ɗumin ruwan nan, to shi wajen digiri 31 ne kawai, ita wannan halittar a wajen 70 take jin daɗinta. Taq ɗin nan a firiza yake kwana a ƙasa da sifili da digiri 20, in za a yi aiki a kan ƙanƙara ake ajiye shi, mu kuma da wuta ba ta zama sai mu sayo ƙanƙara a kula tun da safe, kuma ba na kunna injin sai na tabbatar akwai mai a janareta, don aikin yakan ci awa biyu zuwa uku kuma in wuta ta ɗauke a tsakiya sai dai a sake sabon lale.

Jel kuwa garin agaros ne da ake samu daga ciyawar teku, giram 1 a mililita 100 na bafa, a dafa har ya narke garau, a bari ya huce yadda za ka iya riƙe kwalbar, a sa rini, a zuba a faranti a kafa masa wani abu kaman mataji mai haƙora wanda in an zare yake barin ramuka. DNA cajinsa na nagatif ne, saboda haka ramukan suna ɓangaren baƙar waya, yana gudu zuwa ja. Gajeru suna rigan dogaye saboda sun fi saurin ratsa ƙofofin jel ɗin. In ka juya wayoyin DNA ɗinka zai fice ta baya ya bi ruwa. Rinin da muke amfani da shi, itidiyam buromaid, yana shiga tsakanin haruffan DNA ne shi ya sa yake haske, kuma saboda hakan ne ba a taɓa shi da hannu tsirara, don Allah a sa safar hannu, kar a ɗauki waya da safar, kar a kalli UV ba kariya.

To mu koma ranar Alhamis. Wannan ƙarfin na PCR, da yake iya mayar da ɗan abu kaɗan ya zama biliyan, shi ne kuma haɗarinsa, musamman a 16S tunda bakteriya na ko'ina, a fatar hannu, a numfashi, a ƙurar hunturun nan da ko ka goge benci da safe kafin azahar ta dawo. Shi ya sa ake ware bututu ɗaya a sa masa komai banda DNA, shi ne kwantirol, shaida ne cewa abin da ka gani a sauran daga samfurinka ya fito. Tunda nawa ya yi layi, to ba ni da hujjar cewa layukan sauran ramukan na nono ne.

Na fito na zauna a baranda. Wani abokin karatuna ya karɓi wayata ya duba hoton ya ce "haba ke kuwa, a ƙarshe fa yake, yanke shi kawai, wa zai sani, kowa haka yake yi." Kuma gaskiya ne yatsa biyu sun isa. Kayan haɗin sun kusa ƙarewa, kuɗin da na saye su Yayana ne ya turo kuma na san ba daga yalwa ya cire ba, sufabaiza na jiran sakamako ranar Litinin. Wallahi na kwana da maganar nan a raina, har na buɗe hoton na ja layin yankan na tsaya ina kallo.

Abin da ya riƙe ni a daren shi ne tunanin gwajin jinin da aka yi wa 'yar ƙanwar Mama kafin aurenta. Gwajin jinotayif da muke yi dangin wannan aikin ne, wuta ce ke jan sinadarin jini a raba A da S, hanyar da Linus Pauling da abokan aikinsa suka bi a 1949 suka nuna jinin mai sikila daban yake, kuma duk ciwon nan harafi ɗaya ne ya canza a DNA, A ta koma T. Mun san gidajen da takardar gwaji ta ce AA aka yi aure sai ga yaro da sikila. Haka zazzaɓin Lassa da kusan duk rani sai mun ji labarinsa a jihar nan, da PCR ake tabbatar da shi, kuma mai gwajin yana da nasa ramin na takwas. Mu ɗin nan da muke furojet yau mu ne za a ɗauka aiki a irin waɗannan wuraren gobe, na tambayi kaina ko zan yarda wanda ya saba yanke hoto ya gwada jinin ɗana.

Da safe na kai wa Baba hoton yadda yake. Bai yi faɗa ba, ko jel ɗin bai daɗe yana kallo ba, ya ce "kawo littafinki." Tun ranar farko ya sa na sayi littafi mai bango mai tauri wanda ba a cire masa takarda, ya ce da biro za ki rubuta, kwanan wata a saman kowane shafi, a rubuta a lokacin da ake yi ba sai an koma gida ba, in kin yi kuskure ki ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karantawa, ba gogewa ba yagewa. Ya sa tabarau yana bi da yatsa layi layi, firaima daga ina, an narkar da su yaushe, Taq wane kwali, har ya zo wani ɗan rubutu da na yi a gefen shafi wanda ni kaina na manta da shi: ruwana ya ƙare, na ɗiba a babbar kwalbar kan benci. Ya ɗago ya ce "kwalbar nan hannu nawa ne ke shiga cikinta a rana?" Na ce Baba ban sani ba. Ya ce to kar mu yi zato, mu tambayi injin.

Muka haɗa bututu biyu kacal, duka ba DNA, ɗaya da ruwan benci ɗaya da sabon ruwa da ya ɓalle wa hatimi a gabana. Na benci ya yi layi, sabon ya fito wayam. Ranar Asabar na sake duka aikin da sabon ruwa da ɗan ragowar kayan haɗin, rami na takwas ya fito fes, kwantirol mai DNA da muka sani a rami na bakwai ya yi layinsa, samfur huɗu suka yi layi, amma samfur na huɗu, wanda ke rami na biyar, babu komai. Na koma littafi, awon tsaftarsa 1.4 na rubuta tun ranar da na ciro shi. Wato layin da na gani a raminsa ranar Alhamis na ruwan benci ne, da na yanke hoton na aika an karanto, da na rubuta sunan wata bakteriyar kwalba na ce a nonon matan nan na same ta, wani kuma ya zo ya kafa hujja da ni.

Wannan ya canza yadda nake kallon rubuta rahoto gaba ɗaya. Babin hanyoyin aiki shi ne wanda muka fi raina wa, a ɗauko na wani furojet na shekarun baya a kwafe, har za ka ga an rubuta sunan injin da babu shi a lab ɗin, ko an ce zagaye 35 alhali 30 aka yi. Abin yana ci min rai sosai, don amfanin babin shi ne wata ɗaliba a Gombe ko Kashere da ba ta taɓa ganina ba ta ɗauka ta maimaita ta samu abin da na samu. Saboda haka a faɗi sunan firaima da haruffansu, nawa su ne 27F da 1492R, a faɗi ƙarfin kowane sinadari, zafi nawa, daƙiƙa nawa, zagaye nawa, kamfanin da ya yi Taq ɗin, kason agaros, bolt nawa, minti nawa. Wajen wulwulawa a rubuta ƙarfin da g, wato ninki nawa na jan ƙasa, don rpm ɗaya, wato yawan juyi a minti, a injina biyu masu faɗi daban ba ƙarfi ɗaya ba ne. In ka kauce daga yadda takardar kamfani ta ce, ka faɗa.

Hoton jel kuma a sa shi da ma'auninsa da kwantirol ɗinsa duka biyu, a rubuta a ƙasa me ke kowane rami yadda ko mutum bai karanta komai ba zai gane. In za ka ƙara haske ka ƙara wa hoton gaba ɗaya, ba layi ɗaya ba, kuma ka ajiye na asali. A babin sakamako abin da ka gani kawai, samfur huɗu cikin biyar sun ba da layi wajen 1,500, na huɗu bai bayar ba. Dalili da zato da kwatanta aikinka da na wasu, wannan na babin tattaunawa ne, can ma a auna baki. Samfur biyar daga kasuwa biyu ba su isa in ce nonon Bauchi kaza yake ba. Kuma 16S kansa yana da iyaka, akwai 'yan uwan juna irin su plantarum da pentosus da haruffansu a wannan yankin kusan ɗaya ne, ko kwamfuta ta ce maka kashi 99 ba lallai ka raba su ba, in haka ne ka tsaya a sunan dangi ka ce iya nan hujjata ta kai. Sannan kar ka ambaci takardar da ba ka karanta ba don kawai ka gan ta a jerin wani, a wajen difens malami ɗaya ya tambaye ka me ke ciki shi ke nan.

Ranar Litinin na shiga ofishin sufabaiza da hotuna uku da littafin. Na ce ranka ya daɗe an samu matsala, na yi masa bayani tun daga farko ina jiran faɗa. Ya jera hotunan a tebur ya duba na farko ya duba na ƙarshe, ya karanta ɗan rubutun gefen shafin nan, ya ce na Alhamis ɗin ma kar ki yar, ki sa shi a rataye a ƙarshen kundin ki rubuta abin da ya faru a layi uku. Ya kuma sa aka ɗauke babbar kwalbar daga benci, yanzu kowa nasa ruwan yake rabawa a ƙananan bututu da sunansa da kwanan wata a jiki, in ka buɗe ɗaya ka yi aiki ka zubar da saura.

Huɗun nan na aika an tafi karanto su, ina jira. Na huɗu kuwa har yau yana ba ni wahala, na sake ciro shi sau ɗaya awon ya hau zuwa 1.6 amma layin bai fito ba, ina zargin bangonsa ne bai fashe da kyau ba ko kuma dattin da ya rage ne ke hana Taq aiki. Baba ya ce in ƙara masa lokaci a laisozaim zuwa awa ɗaya in kuma ƙara wanki ɗaya, ranar Laraba in Allah ya kai mu zan gwada, na riga na yi wa mai ƙanƙara magana.